Daga Kaduna zuwa Nok: fitar rani ta masu binciken kufai

Ƙungiyarmu ta masu binciken kufai da kayan tarihi ba ta fita daji sai an gama girbi. Da damina ciyawa ta rufe ƙasa, ko tsingaro yana gaban ƙafarka ba za ka gan shi ba, kuma babu manomin da zai yarda jama'a su jera su ratsa masa gona da shuka a tsaye. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne ƙasa take buɗe: an kwashe amfani, wasu wuraren an ƙone, ruwan damina kuma ya riga ya wanko abin da ke gaɓar kwazazzabai. Fitar bana ƙasar Jaba muka nufa, a kudancin jihar Kaduna, inda ƙauyen Nok yake, wanda aka raɗa sunansa ga wata daɗaɗɗiyar al'umma mai gina mutum-mutumin yumɓu. A cikinmu akwai malaman makaranta, da ɗaliban jami'a, da ma'aikatan gidan tarihi, da wani tsohon safiyo wanda duk abin da ya shafi awo a hannunsa yake.

Ba mu kama hanya ba sai da muka tsaya a gidan tarihi na Kaduna da ke kan titin Ali Akilu, saboda sababbin shiga su saba wa idonsu. Wanda bai taɓa ganin mutum-mutumin Nok a fili ba, hoto kawai ya sani, yakan ɗauka sassaƙa ne. Gini ne irin na tukunya. An murza yumɓu igiya-igiya an ɗora wani kan wani, cikin a rarake, sannan aka fitar da fuska da kitso da duwatsun wuya. Idanun masu kusurwa uku ne ko kuwa rabin da'ira, an huda tsakiyarsu, haka hanci da kunne da baki. Yumɓun cike yake da tsakuwa, shi ya sa jikin yake da kaushi. Asalinsa an shafe shi da lallausan yumɓu ya yi sumul, ƙasa ce ta cinye shafen.

Sai dai a gona ba kai za ka tsinta ba. Guntu ne wanda bai wuce tafin hannu ba, kuma aikin farko shi ne rarrabe shi da tsingaron tukunya. Guntun mutum-mutumi ya fi kauri, tsakuwarsa ta fi girma, lanƙwasarsa ba ta bin da'ira ɗaya, a cikinsa kuma sau da yawa ana ganin sawun yatsu. Tukunyar Nok ita ma tana da tata shaidar: ado a kafaɗa, layuka da aka tsaga da tsinke, an killace su sama da ƙasa da layi a kwance. Adon da ake yi ta hanyar mirgina igiya ko ɗan sassaƙaƙƙen ice a jikin ɗanyar tukunya, wanda ya cika kufan ƙasar nan, na mutanen da suka zo bayan Nok ne. Wannan ƙa'ida ɗaya ta ishi ɗalibi ya ware rabin abin da zai gani a rana.

Maganar izini kafin a shiga mota ake gama ta. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta hana kowa haƙa don neman kayan tarihi sai da takardar hukumar, ta hana cinikinsu ga wanda ba wakilinta ba, ta hana fitar da su ƙasar waje ba da izini ba. Mu ba haƙa muka je yi ba. Mun je mu zaga, mu gani, mu auna, mu rubuta, tare da ma'aikacin hukumar, kuma duk ɗan samfurin da aka ɗauka da sunanta aka ɗauka. Takardar gwamnati kuwa ba ta buɗe gonar kowa. Sai an gaida mai gari, an faɗa masa abin da ya kawo ku ba tare da kwana-kwana ba, shi ya haɗa ku da mai gona. Akwai kuma batun tsaro, wanda ba a wasa da shi. A watan Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Peter Breunig na Jami'ar Goethe ta Frankfurt da wani abokin aikinsa a Janjala, cikin ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma daga nan haƙar da suke yi a yankin ta tsaya. Tun daga lokacin dokarmu ita ce mutanen gari ne ke faɗin inda za a je da inda ba za a je ba, kuma kowa ya dawo masauki kafin la'asar sakaliya.

Daga Kaduna mun bi ta Kujama da Kasuwan Magani zuwa Kachia, daga nan muka gangara Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba. Tun daga Kachia ƙamshin citta ke shigowa mota, an tsaga ta an shanya a gefen titi da kan falalen duwatsu. Nok ba shi da nisa da Kwoi. Ƙauye ne na mutanen Ham a gindin duwatsu, da ɗan gidan tarihinsa, kuma in ba an faɗa maka ba, ba za ka ce sunansa ya zaga duniya ba.

Haƙar kuza ce ta jawo masa sunan. A 1928 aka tono wani ɗan kai na yumɓu a ramin kuza kusa da ƙauyen, Kanar Dent Young, ɗaya daga cikin masu kamfanin haƙar, ya kai shi Jos aka ajiye. Sai a 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanci ilimin kufai a Kambirij, wani kan da aka samu a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa yana kora masa tsuntsaye. Fagg ya ga kamannin kawunan biyu, ya bi ramukan kuza yana roƙon leburori su daina fasawa su daina jefarwa, ya raɗa wa abin sunan Nok, a 1952 kuma ya buɗe gidan tarihi na Jos. Abin lura a nan shi ne kayan farko duk daga cikin yashi da tsakuwar da ruwa ya tara aka tsamo su, ruwa ya ɗauko su daga wani wuri ya zube. Ba a san me ke kusa da su ba a ranar da aka binne su. Sai da Fagg ya haƙa Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960 aka ga mutum-mutumin a mazauninsa tare da murahun narka tama, 'yarsa Angela kuma ta haƙa Samun Dukiya. Aikin masanan Jami'ar Frankfurt da aka fara a 2005, tare da hukumar gidajen tarihi da jami'o'in Jos da Ahmadu Bello, shi ya shimfiɗa lissafin da ake bi yanzu: farawa wajen 1500 kafin Miladiyya, mutum-mutumi daga wajen 900, sannan abin ya dushe daf da farkon Miladiyya.

Gonar da aka kai mu tana kan gangaren wani tudu, an cire citta a rabinta, rabin kuma saura ce. A sauran nan ne ramukan masu haƙon mutum-mutumi suke, birjik kamar gurbin dara, wasu sun kai ƙugu, wasu ciyawa ta fara cike su. Mai gonar, dattijo ne, ya ce tun yana da ƙarfinsa baƙi suka zo suka ɗauki samarin gari haya, ana biyansu a kan kowane kai da ya fito lafiya.

Jagoranmu ya tambaye shi, "Baba, abin da ya fito a fashe fa?"

Ya nuna tsibin ƙasa a bakin ramin da sandarsa ya ce, "Ga shi nan, Malam. Wa zai saya?"

Abin da ba a saya ba shi ne rabonmu. Tsibin ɗan haƙo yana ɗauke da tsingaro, da guntayen hannu da ƙafa, da dutsen niƙa, wani lokaci da gatarin aradu. An riga an hautsina su, saboda haka ba za su faɗa maka wanne ya riga wanne ba, amma za su faɗa maka wane irin wuri ne, kuma na wane zamani.

Ga yadda muke zaga fili. Safiyo ya kafa turke a kusurwa ɗaya, ya ɗauki lambar wurin da na'urar GPS, ya ja igiya daga kudu zuwa arewa. Mutane su jera, tazarar mita biyar tsakanin kowane biyu, a tafi a hankali ido a ƙasa. Wanda ya ga abu ba ya ɗauka, tsinke mai jar leda yake sokawa a gefensa ya wuce. Sai an kai ƙarshe a juyo a dubi inda jajayen ledojin suka yi cincirindo da inda suka yi tsilla-tsilla. Iyakar kufan ke nan ta fito da kanta. Ɗalibai sun fi son su ɗauka su kawo a yaba musu, kuma da zarar an ɗauka wannan taswirar ta ɓace. Bayan haka ake bin kowane rami da tef: faɗi, zurfi, lamba, hoto. Hoto ba ya da amfani in babu sandar awo da kibiyar da ke nuna arewa da allo mai lambar wuri a cikinsa. Da safe ko da yamma ake ɗauka, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace ya fito da zanen tsingaro. Da tsakar rana, musamman in hazon hunturu ya sauka, komai fari fat yake fitowa. Lambar GPS ta waya kuma tana iya kaucewa da mita biyar ko fiye, ta isa a gane gona, ba ta isa a gane rami ba, shi ya sa ake auna ramuka da tef daga turken safiyo.

Inda muka fi daɗewa shi ne bangon wani rami da bai rushe ba. An kankare shi da cokalin magini daga sama zuwa ƙasa, kaɗan-kaɗan, har launin ƙasar ya fito. Sama ƙasar noma ce mai duhu. Ƙarƙashinta ja ce. A cikin jar sai ga wani baƙin wuri mai siffar kwano, da ɗigon gawayi da tsingaro a kwance a ciki: ramin da mutanen da suka haƙa suka cika, ɗan haƙo ya yanke shi biyu ya bar rabi. Irin wannan ramin ne mafi yawan abin da kufan Nok ya bari. A cikinsa ake samun mutum-mutumin, kusan kullum a fashe, kuma in an tattara guntayen ba su cika haɗuwa su ba da cikakken jiki ba, abin da ya sa masu bincike suke ganin da gangan aka fasa kafin a binne. A wasu wuraren, kamar Pangwari da Ifana, an samu jerin duwatsu da cikakkun tukwane a gefe, wani wuri har da duwatsun wuya a jere yadda suke a zare. Ana kyautata zaton kaburbura ne. Ƙashi kuwa babu, domin ƙasar yankin tana da tsami, tana narkar da shi. Wannan ne ma ya sa har yau batun dabbobin da mutanen Nok suka kiwata bai da shaidar ƙashi. Ɗan haƙo da ya ci karo da jerin duwatsun nan watsar da su yake yi don ya kai ga abin da ke ƙasa.

Ɗaukar gawayi don gwajin kabon, wanda ke nuna shekarun abu, yana da ladabinsa. Da bakin cokali mai tsabta ake ɗauka, a naɗe a takardar alminiyam, a sa a leda, ba a taɓa shi da hannu, ba a shan taba a kusa. Ba kowane baƙin abu ake ɗauka ba. Saiwar da ta ƙone a gobarar daji tana bin ƙasa ta nutsa, za ka gane ta da yadda take tafiya a tsaye tana rassa; in ka aika da ita, sakamakon zai ce maka shekaranjiya. Ita ma gara tana hawa da ƙasa tana sauka da ita, duk inda ka ga hanyarta ka matsa. Gawayin babban ice yana da tasa matsalar, domin tsakiyar tsohuwar bishiya ta girmi wutar da ta ƙone ta da shekaru masu yawa. Abin da aka fi so shi ne ƙwayar hatsi da ta ƙone, tunda a shekara guda ta tsiro ta mutu.

Ƙwayar gero kuwa ba a ganinta a bangon rami, sai an tace. A ɗebi ƙasa lita 10 zuwa 20 daga cikin baƙin wurin, a auna da bokiti a rubuta. A zuba kaɗan-kaɗan a babban baho mai ruwa, a dama da hannu a hankali. Yashi da tsakuwa su nutse, abin da ya ƙone ya taso. A tsiyaye saman ruwan ta cikin rariya mai ido rabin milimita ko ƙasa da haka, a maimaita har ruwan ya daina kawo baƙi. Rariyar gari ta kasuwa idonta ya yi faɗi, gero zai bi ruwa ya tafi. Abin da ya tsaya a juye shi a farin ƙyalle, a ɗaure da lambarsa, a rataye a inuwa. In aka shanya a rana, ƙwayoyin suna bushewa da gaggawa su tarwatse. Ruwan rafi kuma yana zuwa da nasa tarkacen, sai an tace shi kafin a fara. Da wannan aikin na baho da ƙyalle aka gano abincin mutanen Nok: gero ne kan gaba, sai wake, sai ƙwallon atili, wanda har gobe ana cin 'ya'yansa a yankin.

Tsingaron ma ba duka ake wankewa ba. A 2021 masana na Jami'ar Bristol da na Frankfurt suka fitar da sakamakon gwajin tsingaron Nok sama da 450, inda suka nemi maiƙon da ya shige cikin yumɓun. A cikin waɗanda aka samu maiƙo, wajen kashi ɗaya cikin uku kakin zuma ne, shaidar cin zuma ta kimanin shekara 3,500. Tun da wannan labari ya iso mu, muke ware wasu guntayen baki da kafaɗar tukunya da ƙasarsu, a naɗe a alminiyam, ba ruwa, ba sabulu, ba hannun da ya shafa mai. Sauran a wanke da ruwa zalla da burushi mai laushi, a bar su su bushe sarai. Tsingaro mai danshi in an ƙulle shi a leda fumfuna yake yi, takardar da ke ciki ta ruɓe. Lamba biyu ake yi wa kowace leda, ɗaya a jiki ɗaya a ciki, ta cikin da fensir, domin tawadar alƙalamin maka rana tana cinye ta, takarda kuma gara ba ta raina ta. Leda da ta rasa lamba ba ta da maraba da tsibin ɗan haƙo.

A gindin tudun, inda kwazazzabo ya ci gefen gona, ɗaya daga cikin ɗalibai ya kira mu ga abin da ya ɗauka marmara ce. Kashin maƙera ne. Su biyun suna ruɗar sabon ido, amma marmara ja ce ko ruwan ƙasa, tana marmashewa, shi kuwa kashin ya fi nauyi, baƙi ne, da ƙananan ramukan iska da alamar ya taɓa kwarara ya daskare. Kusa da shi ga guntun bututun yumɓu da ake cusa iska ta ciki, bakinsa ya narke ya yi ƙyalli, ga kuma rabin da'irar ƙonanniyar ƙasa, gindin murhu ke nan. Mun auna, mun zana, mun ɗauki hoto, ba mu ce na Nok ba ne. An narka tama a ƙasar nan har zuwa zamanin kakanninmu, kuma murhu ba ya zama na Nok don kawai yana maƙwabtaka da tsingaron Nok. Ko an gwada gawayinsa ma akwai wani cikas: tsakanin wajen 800 zuwa 400 kafin Miladiyya ma'aunin kabon ba ya rarrabe shekaru da kyau, duk abin da ya faɗa a wannan tsakanin kusan amsa ɗaya yake bayarwa. Murahun Nok na farko a nan suka faɗa. Saboda haka duk wanda ya ba ka shekara guda cak ya ce a ita aka fara ƙarfe a Nok, ya faɗi abin da gwajin bai faɗa ba.

Ni a ganina laifin ramukan nan bai kamata a jibga wa samarin ƙauye shi kaɗai ba. Kasuwar tana can waje. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa mutum-mutumin Nok a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, a shekarar nan kuma aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce har Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Wanda aka biya kuɗin yini ya yi haƙa bai san nawa kan ya kai a can ba. Abin da ƙungiya irin tamu take iyawa kaɗan ne, kuma yawancinsa magana ce. Mun zauna da manoma a ƙofar mai gari muka faɗi abin da ake so wanda garmarsa ta tono wani abu ya yi: ya bar shi inda yake, ya mayar da ƙasa ya rufe, ya sa alama, kada ya wanke, kada ya liƙa da gam, ya sanar da mai gari a kira gidan tarihi. Wani ya tambaya, in ya yi haka me zai samu, gonarsa kuma ba za a ƙwace ba? Tambaya ce mai kyau. Ma'aikacin hukumar ya amsa ta biyun, ya ce bincike na ɗan lokaci ne a mayar da ƙasa a bar masa gonarsa. Ta farkon ba ta samu amsar da ta gamsar da shi ba.

Mun shiga wata makarantar sakandare da tire biyu na tsingaro, na Nok da na bayan Nok, muka bar yara suka ware da kansu. Da yawansu sun ce irinsa na nan a gonarsu, har wasu suka kwatanta wurin, muka rubuta don fita ta gaba.

Aikin da ya rage na zaure ne. Kowane tsingaro da aka ɗauko za a rubuta masa lamba a cikinsa da siririn alƙalami, a zana bakin tukwanen a fitar da faɗinsu, a haɗa hotuna da takardun awo, a miƙa kwafi ɗaya ga hukumar, ɗaya ga sashen koyar da ilimin kufai na jami'a. Lambobin GPS ba ma sa su a Facebook ko a wani dandali, don masu haƙo su ma suna karatu. Gindin murhun nan kuma saura taku biyu kwazazzabo ya cinye shi, saboda haka takardar neman izinin haƙa shi ita ce ta farko da za a rubuta, ko a samu a yi kafin ruwan Afrilu. Wanda ke son shiga fita ta gaba ya tanadi takalmi mai rufi, da hula, da fensir, da gorar ruwa babba. Tef da leda da cokali ƙungiya ce ke kawowa.